Malam Iro Wanne da Aljihunsa na Gefe

Ku da kuka san marigayi Malam Iro na Nasarawan Doya, wanda duk ƙasar Makarfi ake kira Wanne, kun san bai taɓa miƙa wa mutum goro kai tsaye ba. Sai an gama gaisuwa tsaf, an tambayi gida, an tambayi gona, an tambayi gajiyar jiya da ta shekaranjiya, sannan ya dafa aljihun ƙirjinsa, ya dafa na gefen dama, ya kafe ka da ido, ya ce, "Wanne?"

Dokar a fili take, bai ɓoye wa kowa ba. Aljihun ƙirji ɓarin jan goro ne, kullum yana nan, ko ana ruwa ko ana rana. Aljihun gefe kuwa, wata rana farin goro ne guda cur, ƙato, irin wanda ake kai wa surukai. Wata rana kuma hannu ya shiga ya fito yadda ya shiga. Zaɓi ɗaya gare ka a rana. In ka ce gefe aka tarar wayam, haka za ka tafi da bakinka a bushe, ko da kai ne limamin gari. An yi wa limamin ma. Ina wurin. Ya ce, "Haba Malam Iro, ni ma?" Iro ya ce, "Allah gafarta Malam, aljihu bai san karatu ba."

Ni sunana Sale, taubashinsa ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da lasisin faɗar abin da na ga dama a kansa, yana raye ko ba ya raye. Na yi boko har aji huɗu, kafin ubana ya gano cewa rake ya fi hedimasta buƙatata. Iro ko ƙofar ajin bai leƙa ba, allo kawai ya yi. Amma shi ne mai bincike. Haka yake kiran abin da bakinsa. In ka ce masa rowa ce, sai ya ce, "Rowa daban, bincike daban. Ina so ne in ga abin da ke jan mutum."

Abin da ya sa na ɗauki biro, ba don in yabe shi ba ne. Akwai fadamar rake da ubana ya bar mini, ita kaɗai ce abin da na mallaka wanda ya isa a kira shi dukiya, kuma saura ƙiris da na tone ta da hannuna. Yadda aka yi ban tone ba, to labarin aljihun nan ne. Dole in faro shi daga farko.

Ranar da ya fara wannan sana'a muna samari, a kasuwar Makarfi, bakin rumfar masu mazarƙwaila. Ya sayar da rakensa, ya sayi goro, ya ji kansa ya zama mutum. Ni ya fara tarewa. Ya bayyana mini doka, ya ce, "Wanne?" Na ce gefe. Jama'a, sai ga farin goro! Ban taɓa riƙe irinsa ba, ya cika mini tafin hannu, da sanyinsa da komai. Na ɓare shi a gaban mutane, ya yi ƙara ƙas, har wani dillalin rake mai babbar riga ya matso ya ce, "Samari, a ɗan sam mini mana." Ni Sale, dillali yana roƙona! Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ɓarewar goron nan.

A shekarun farko na sake dacewa sau biyu. Wasu ma sun dace. Daga nan abin ya yi ta ja da baya. Mutane suka fara sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Liman ne ya fara komawa ƙirji, ya ce yaƙini ya fi. Masu shayi suka bi, 'yan kwamitin masallaci suka bi. Aka wayi gari duk wanda Iro ya dafa wa aljihu, kafin ya rufe baki an ce masa ƙirji, a karɓi ɓari a jefa a baki a wuce. Ni kaɗai na tsaya a kan aƙidata.

Wata rana ya ce mini, "Sale, da tun farko ƙirji kake cewa, da ɓarin da ka ci ya cika huhun goro."

Na ce, "Ɓari abincin marasa buri ne."

"To kai mai buri, me ka ci?"

"Ina jira."

Ya girgiza kai, ya faɗi maganar nan tasa da kuka sha ji har kuka gaji: "Mutum ba abin da ya fi yawa yake bi ba, abin da ya fi daɗin tunawa yake bi." Sannan ya ƙara da wadda ni kaɗai yake gaya wa: "Goro ba komai ba ne. Ranar da za ka yi wa gonar kawuna zaɓin gefe nake tsoro." Na ce masa ya ji da aljihunsa, ni in ji da gonata.

Da mutane suka ƙare masa, sai ya ce ɗan Adam ya cika surutu, yana ɓata bincike da kawo dalilai. Ya koma kan kajin matarsa, Lantana. Kun san yadda ake kama wa kaji gara: a cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife a kan hanyar gara, da safe a ɗauko a zazzage. To Iro ya samo kasko biyu, ya ajiye ɗaya gabas da tsakar gida, ɗaya yamma, ya rufe kowanne da faifai. Na gabas dusa ce, kullum. Na yamma gara, amma sai ranar da ya ga dama. Da safe ya buɗe akurki ya riƙa sakin kaji ɗaya-ɗaya. Inda kaza ta nufa, nan zai buɗe mata, ɗayan kuma an rufe ke nan sai gobe. Kowace ta zaɓa, sai ya ja layi da gawayi a jikin bangon da Lantana ta gama yaɓewa ba a yi sati ba.

Kajin nan, in gaya muku gaskiya, sun fi mutanen garinmu saurin ganewa. Cikin 'yan kwanaki yawancinsu suka kama gabas, suka ci dusarsu suka yi ɓul-ɓul. Sai wata wake-wake guda ɗaya, wadda ta dace da gara ranar farko. Ita kam ana buɗe akurki sai ta zura da gudu yamma, fukafukai a buɗe. A ɗaga faifai, ba komai. Ta tsattsaga kaskon, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta dubi Iro. Gobe ma haka. Randa ya ga kamar za ta karaya, sai ya zuba mata 'yar gara, shi ke nan ta ƙara sati uku.

Lantana ta ce, "Malam, kazar nan mutuwa za ta yi."

Ya ce, "Ni na hana ta? Ga dusa can."

"To ka bar ta ta je duka biyun mana!"

"Lantana, a duniyar nan wa aka taɓa bari ya je duka biyun?"

Ni ban san ana wannan ba. Na zo wata safiya, na tsaya a zaure zan yi sallama, sai na ji muryar Iro daga ciki: "Kai, Sale! Yau ma yamma? Wallahi Sale ba hankali!" Na duba gabas, na duba yamma, ban ga inda na yi laifi ba. Kafin in buɗe baki sai na ji Lantana: "Ni dai na gaya maka, Malam, Sale ta daina ƙwai."

Na yi sallama da ƙarfi. Iro ya fito yana gyara hula, ya gaishe ni har da tambayar gajiya, ko kunya babu, ya dafa aljihu. Na ce gefe. Ba komai.

Ƙarshen takwarata, Lantana ce ta gaji. Aka aiko mini in zo cin abincin rana. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, a tsakiyar miyar ga wani abu kamar ƙarafan tsohuwar lema. Iro ya turo mini kwanon, ya ce, "Bisimilla. Kai ne." Na ci. A matsayina na wanda ya yi aji huɗu, dole in faɗi sakamako yadda yake: ba ni da nama ko kaɗan.

Sai maganar Rakiya, 'yarsu, wadda ta tafi jami'a a Zariya tana karatun halayyar ɗan Adam. Ta zo hutu ta tarar da bangon uwarta kamar allon makaranta. Muna zaune da Iro a gindin mangwaron ƙofar gida da la'asar, ta kawo mana ruwa, ta durƙusa ta gaishe mu, sai ta ce, "Baba, ka san abin nan da kake yi da kaji, a littattafanmu akwai shi?"

Iro ya ce, "Wa ya kai musu labarina?"

Ta ce ba labarinsa ba ne. Ta ce masana sun daɗe suna yi. Sukan sa ɓera ko tantabara a akwati, da wani ɗan maɓalli, in an danna sai ƙwayar hatsi ta faɗo. Wanda aka saba ba shi duk lokacin da ya danna, ranar da aka daina, nan da nan yake haƙura. Amma wanda ake ba shi jefi-jefi, bai san ranar samu ba bai san ranar rashi ba, shi ne zai yi ta dannawa, ko da an daɗe da kwashe hatsin.

Iro ya ajiye kofin ruwa. Ya ce, "Ɓera?"

"Ɓera, Baba."

"Ɓeran da ke cinye mini masara a rumbu, shi ake ciyarwa a jami'a?"

"Nasu farare ne, Baba."

"Ko shuɗi ne! Kuma masu ba shi hatsin, albashi ake biyan su? Ofis gare su?"

Ta ce ƙwarai, har da fanka. Ya juyo ya dube ni kamar ni na ɗauke su aiki. Ya ce, "Ka ji. Ni shekara nawa ina yi da gorona, ko sannu." Sannan ya ce, "Rakiya, sun taɓa gwadawa da Sale?" Ta ce a'a. Ya ce, "To ba su fara ba."

Na ɗauka an gama da ni ke nan, kamar kullum. Ashe yarinyar nan da sauran magana. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta ce, "Baba, a gafarce ni, in yi tambaya?"

"Yi."

"Tun ina ƙarama nake ganin kana zuwa ƙofar Baba Sale da shawara. Kada ya sayi wannan, kada ya shuka wancan. Sau nawa ya taɓa ɗauka?"

Iro ya ɗaga kai yana duban ganyen mangwaro. Ni ma na taya shi nema. Can ya ce, "Sau ɗaya." Kuma gaskiya ne. Wani sa ne na so in saya a kasuwar Ikara, ƙato, mai kyan ƙaho. Iro ya kara kunne a haƙarƙarinsa ya ce yana jin tari a ciki, kada in saya. Na fasa. Wanda ya saya bai yi kwana goma da shi ba dabbar ta mutu. Iro ya yi wata guda yana ba da labarin nan a majalisa.

Rakiya ta ce, "Lokacin an haife ni?"

"Ba a haife ki ba."

"Tun daga nan fa?"

Iro ya koma duban ganyen mangwaro.

Ta ce, "To Baba, ai kai ma yamma kake zuwa."

Daga bayan katanga muka ji Lantana ta fashe da dariya har da tafi. Iro ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce boko yana lalata tarbiyya, ya shige gida. Ranar ko liman bai samu ɓari ba. Washegari da sassafe sai ga shi a ƙofata, ya zo ya gaya mini kada in sayi takin wani mutum. Na saya.

Yanzu mun iso kan gonar.

Kun tuna shekarar da tsutsa ta afka wa tumatir, tun daga Kudan har Ikara, gona ta kwana kore ta wayi gari kamar an babbaka. To a shekarar ina da ɗan fegi a Paki, wurin surukina, a bakin rafi, wanda na dasa tumatir don miyar gida kawai. Tsutsar nan ta ci na dama, ta ci na hagu, ta tsallake nawa. Dalili, Allah kaɗai Ya sani. Ni dai a lokacin na ce iya noma ne. Dillalai suka riƙa zuwa da mota har bakin rafi, suna kirana Alhaji, ni da ban taɓa wuce Kano ba. Kwando kaɗan na sayar, na yi wa ɗakuna biyu rufin kwano, na sayi waya mai faɗin fuska wadda har yau abin da na iya da ita shi ne kai ta caji.

Da kaka ta zo na sare rakena na sayar wa masu mazarƙwaila, kamar kowace shekara. A al'ada sai a bar gindin a ƙasa, a riƙa ba shi ruwa, ya sake tohowa. Raken nan farin rake ne mai taushi, irin da ubana ya bari. Bai taɓa sa wani ya kira ni Alhaji ba, amma bai taɓa barin gidana da yunwa ba. In aka tone gindinsa an rabu ke nan, sai a nemi wani iri, a dasa, a jira shekara guda cur ba a ga komai ba. Ni kuwa na zauna na yi tunani irin na masu ilimi: in ɗan fegi ya yi rufin ɗaki biyu, fadama guda me za ta yi? Na ga kaina a jirgi. Na yanke shawarar tone raken duka, in dasa tumatir.

Ba ni kaɗai ba. Duk inda ka leƙa a ƙasar nan an yafa irin tumatir. Wanda bai taɓa dasa ko gauta ba ya sayo injin ban-ruwa.

Iro ya zo ƙofata kwana uku a jere. Ranar farko ya kawo hujja, ranar ta biyu ya kawo faɗa, ranar ta uku ya kawo liman. Na ba su ruwa suka sha. Rana ta huɗu da hantsi na sa 'yan ƙodago huɗu da diga suka fara tonewa daga kusurwar gabas. Ina tsaye a kan kunya ina ba da umarni, sai na hango shi tafe yana tura kekensa. A lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala, ba ya iya hawa, amma ya ƙi sanda, ya ce sanda ta tsofaffi ce. Keken yake dogarawa.

Ya iso yana haki. Muka gaisa, bai rage ko tambaya ɗaya ba. Sannan ya ce, "Sannu da aiki, Alhajin tumatir."

Na ce, "Yauwa. In shawara ce, na ƙoshi."

"Ba shawara. Goro na kawo maka." Ya jingine keken a cinyarsa, ya dafa ƙirji, ya dafa gefe. "Wanne?"

"Gefe."

Ya zura hannu. Hannu ya yi ta tafiya. Wuyan hannu ya shige, gwiwar hannu ta kusa shigewa. Can sai ga yatsu biyar sun ɓullo ta ƙarƙashin rigar, wajen gwiwarsa, suna yi mini bye-bye irin na yaran makaranta. 'Yan ƙodago suka tsaya da diga a sama.

Na ce, "Iro, aljihunka ya huje."

Ya ce, "Ya huje."

"Yaushe?"

"Rakiya tana rarrafe."

Na ce ƙarya ne, rigar nan ba ta kai haka ba. Ya ce, "Ita ce ta huɗu. Ta farkon ce ta huje da kanta, daidai lokacin da farin goro ya yi tsada, na ga Allah ne Ya kawo sauƙi. Tun daga nan duk rigar da zan ɗinka sai in ce wa tela ya bar gindin aljihun a buɗe, kada a ɓata bincike."

"Kowa ya sani ke nan, ban da ni?"

"Ba wanda na gaya wa. Su gajiya suka yi. Kai ne ba ka gajiya."

Yatsun nan suna nan a waje, bai mayar ba. Ya ce, "Sale, tumatir ɗin bara gara ce. Ba wayonka ba ne, tsutsa ce ta manta da kai. Bana kuwa dubi gari, kowace kaza ta nufi yamma, wa zai saya a wurin wa? Goron da ba ka ci ba, ba komai ba ne, kuma kai ka yafe. Wannan kuwa gonar kawuna ce."

Ba zan ce maganarsa ta ratsa ni ba, na saba jin irinta. Yatsun ne. Mutum ya shekara ashirin da wani abu yana zaɓen rami, kuma a nuna masa ramin a gaban 'yan ƙodago, ɗaya daga cikinsu har ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na ce su dakata. Sun riga sun tone wajen faɗin masallacin unguwa. Na ce wannan kusurwar za a dasa mata tumatir, saboda bincike. Sauran a bar shi. Iro ya zare hannunsa, ya ciro ɓari daga ƙirji, ya jefa a bakinsa, ya juya kekensa. Ko tayi bai yi mini ba. Na riga na yi zaɓina na ranar.

Abin da ya faru a ƙarshen sanyin nan ba sai na gaya muku ba, da yawanku kuna ciki, kuma ba zan kama suna ba. Kwanduna jere a bakin titi tun daga Kudan, direbobi suna wucewa ko birki ba sa takawa. Kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja. Aka koma yankawa ana shanyawa, gefen hanya ya yi ja wur kamar an shimfiɗa darduma. Na kusurwata, awaki suka ci har suka fara kau da kai in sun gan ni tafe. A bayan kusurwar kuwa rake ya toho, kore shar, bai san ma an yi wani abu ba.

Na shirya na tafi wurin Iro. Lokacin ya daina fita, yana zaune a zaure a kan buzu, keken a jingine kusa da shi. Na gaishe shi, na gyara murya, na ce na zo ne in shaida masa a hukumance cewa shawararsa ta yi daidai, kuma na ɗauka.

Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Sau biyu ke nan."

Na ce, "Sau biyu."

Ya ce, "Ka cuce ni, Sale. Wallahi ina dab da dainawa. Yanzu ka sake zuba mini gara, sai na ƙara wata shekara arba'in a ƙofarka."

Bai ƙara ba. Tsakiyar damina ya rasu, rake ya kai kafaɗa.

Bayan an yi addu'ar bakwai, Lantana ta aiko a kira ni. Tana takaba, saboda haka daga bayan ƙofa ta amsa gaisuwata. Rakiya ce ta fito zaure da rigar nan a ninke. Ta durƙusa, ta warware ta a kan buzunsa. Lantana ta ce daga ciki, "Malam ya bar saƙo. Ya ce a tambaye ka."

Rakiya ta dafa aljihun ƙirji, ta dafa na gefe. Ta ce, "Baba Sale, wanne?"

To ku duba. Na san labarin ramin, da idona na ga yatsu. Na san labarin kazar, ni na cinye ta. Na san labarin farin ɓeran jami'a. Duk wani ilimi da ake buƙata ina da shi, kuma na shirya kalmar ƙirji a kan harshena tsaf. Na buɗe baki, sai na ji an ce, "Gefe."

Ta zura hannu. Na duba ƙarƙashin rigar ina jiran yatsu. Ba su fito ba. An ɗinke gindin aljihun da baƙin zare, manyan ɗinki irin na Lantana. Hannun ya dawo da wani abu a naɗe cikin ɗanyen ganye. Farin goro, guda cur, da sanyinsa. Shi ya ce a sayo a kasuwar Makarfi in an yi bakwai, a zaɓo wanda ya fi kowanne girma, kada a yi ciniki. Iro, kada a yi ciniki!

Rakiya ta goge ido ta ce, "Baba ya ɓata bincikensa da hannunsa."

Lantana ta ce, "A'a. Cewa ya yi an gama binciken, a sallami kazar."

Na ce to, tunda an gama, a duba mini na ƙirjin ma. Rakiya ta ninke rigar ta ce, "Zaɓi ɗaya ne a rana, Baba Sale."

Na ɓare goron nan, ya yi ƙas, irin ƙarar ranar kasuwar Makarfi. Ba dillali, ba jama'a, daga ni sai yarinyar da keken a jingine. Ban ga yadda zan cinye shi ni kaɗai ba, na ba Rakiya rabi ta kai wa uwarta. Sai da na jefa nawa a baki na lura: shekara arba'in ina jiran guda, ƙarshenta dai ɓari na ci.

Raken mun sare shi da kaka, ya yi kyau, gindinsa yana nan a ƙasa. Kusurwar gabas ma na mayar mata da rake. Da safe in na ji motsi a ƙofar gida, har yanzu nakan ɗaga kai in ga ko mai shawara ne. Na san ba kowa a kaskon nan. Ina dai dubawa.

Allah Ya jiƙan Iro, Ya yafe masa goron da ya hana mu da kajin da ya ramar. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Lantana da Rakiya haƙuri. Ya sauke shi a gidan da ba a tambayar bawa wanne, a ce masa duka biyun naka ne. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.